Rasuwar Fiffike, Keken Da Bai Taɓa Ganin Saman Tudu Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa, da abokan sana'a, da maƙwabtan da suka riga suka gama dariyarsu, rasuwar kekena na tsere wanda aka fi sani da Fiffike. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, a kwanar tankin ruwa, tsakiyar tudun da ke kai mutum gidan mahaifiyata. Kwana arba'in da ɗaya ya yi a hannuna. Shekarunsa na gaskiya kuwa sai dillalin da ya sayar mini da shi, kuma shi ba mutumin da ake tambaya gaskiya ba ne.

Ga waɗanda ba su san yadda marigayin ya shigo gidanmu ba, ga yadda aka yi. Inna tana zaune a ƙarshen tudun nan, duk Asabar nake hawa in gaishe ta. Shekara tara ina zuwa a kan keken Baba, Allah ya jiƙansa, baƙin keke ƙarfe zalla, mai kariyar ɗaukar kaya da ƙararrawa. Inna ce ta miƙa mini shi da hannunta bayan rasuwarsa, ta ce, "Auta, ka riƙe shi da kyau, ba kowa zan ba wa ba." Shekara taran nan kuma, da na iso kwanar tanki sai in sauka in tura, ina haki, masu shaguna suna yi mini sannu. Laifin duka na ɗora wa nauyin keken. Tumbina da ke riga ni shiga ɗaki ban taɓa tuhumarsa ba.

Sai na ƙudurta neman keke marar nauyi. Na ari sikelin mahauci, irin mai ƙugiyar nan ta rataye nama, na shiga kasuwar tsofaffin kekuna da shi a hannu. Keke goma sha ɗaya na rataya ranar. Ban hau ko ɗaya ba, ban duba giya ba, ban shafa jikin ko ɗaya ba, idona na kan allurar sikeli kawai. Da na rataya Fiffike allura ta tsaya a kilo bakwai da ɗoriya. Dillali ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba hawa tudu yake ba, tashi yake yi." Ya ce babu ƙarfe a jikinsa, wani abu ne mai tauri da ake kira kabon. Ya nemi in ba shi tsohon kekena da ciko, ni kuwa na ba shi nan take. Shi bai auna keken Baba ba. Ƙararrawar ya kaɗa sau ɗaya, ya tura shi can cikin shago.

A nan ya kamata in lissafa kyawawan halayen marigayin. Ba shi da nauyi. Na zauna kwana biyu ina neman hali na biyu, ban samo ba.

Sirdinsa kamar bakin wuƙa yake, ranar da na fara hawansa a tsaye na ci abinci. Tayoyinsa ba su fi kaurin yatsa ba, ƙaya ko daga nesa ta hango su sai sun sace. Ba shi da kariya, don haka kayan cefanen Inna a wuya nake rataya su. Ba shi da abin jinginawa, sai dai a kwantar da shi a falo, mai ɗakina tana tsallake shi da tsintsiya tana tsaki. Giyarsa kuwa, ashe ta masu gudu a miƙaƙƙen titi ce, mafi sauƙinta ta fi ta keken Baba tauri. A kan keken Baba sai na kai tanki nake sauka. A kan Fiffike tun daga rumfar mai faci nake sauka, tudun ma bai fara da gaske ba. A rumfar nake ɓoye shi, in ƙarasa da ƙafa, in ce wa Inna keken Baba yana wurin gyara. Asabar biyar ina faɗin haka. Ita kuwa sai ta dube ni ta ce, "Wane irin gyara ne wannan, Auta?" Sai in sunkuyar da kai in kama zancen ciwon ƙafarta.

Za a tuna da marigayin da muryarsa. In yana gangara yakan ce tik-tik-tik-tik, cikin isa, har mutane su waiwayo. A makonninsa na ƙarshe ya ƙara da wani ƙiii, ƙiii, daga ƙarƙashin wata jar sitika da ke manne kusa da feda. Mai ɗakina ce ta fara ji, ta ce, "Malam, abin nan naka fa kuka yake yi." Na ce mata haka masu tsada suke yi.

Ranar da zai cika, na tashi da niyyar sai na kai shi har ƙofar Inna ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, don in na faɗa mata gaskiya a ce akwai abin da zan nuna. Na wuce rumfar mai faci a karon farko. Na miƙe tsaye a kan feda, na sauke masa nauyina duka, ina ganin tanki na matsowa. Daidai kwanar ya ce ƙas, sau ɗaya, ya rabu biyu. Ƙahon keken ya zauna a hannuna, sirdi da tayar baya suka kama hanyar gangara, ni kuma na sauka a kwalbati.

Mai walda ne ya duba gawar. Ya ɓare jar sitikar da farce, sai ga tsohuwar tsaga an cike ta da foti, an bi da fenti. Ya ce irin wannan jiki ba ya ɗaukar walda. Sannan ya dube ni sama da ƙasa, don ya san sana'ata. Shekara ashirin ina fentin mota. Foti ne abincina, da shi nake rufe tsaga da lotsa kullum, ko a duhu na shafa jikin mota ina gane inda yake. Aikin dillalin ma ƙazami ne, gefen duk tudu da kwari, da tafin hannu kawai na ɗora da na ji. Mai sayen tsofaffin ƙarafa shi ma ya ɗora gawar a sikelinsa, ya ce da nauyi yake saye, kuma wannan ba ƙarfe ba ne, in kwashe abina.

Marigayin ya rasu ya bar tayoyi biyu masu faci tara, da hular kwano, da wani matsattsen wando da mai ɗakina ta hana ni fita da shi, da ni mai wannan sanarwa, gwiwar hannu a saɓule.

Sai godiya ga wanda ya ciro ni daga kwalbati. Tun ina kwance na ji ƙararrawa, na gane ta kafin in ɗaga kai. Mai burodi ne a kan keken Baba, da akwatuna biyu a kariya, yana hawa a zaune ko haki ba ya yi. Wurin dillalin nan ya saya. Na roƙe shi ya sayar mini, ya ce ko da me zan zo ba zai rabu da shi ba. Yana kakkaɓe mini riga ya ce, "Keken nan yana da farin jini, Malam. Akwai wata tsohuwa a can sama, mai shuɗiyar ƙofa, wata guda ke nan duk safiya sai ta tsayar da ni. Ba ta sayen burodi. Ƙararrawar take kaɗawa sau ɗaya, ta goge sirdin da gefen mayafinta, ta koma ciki."

Ƙofar Inna ni na yi mata shuɗin fenti bara.

Za a kai marigayin makwancinsa ranar Asabar mai zuwa da safe, a jujin da ke bayan saman tudu. Mai burodi ya yarda a ɗaure gawar a kariya, a kan akwatunansa, ya ce ba zai ma san da ita ba. Ta haka Fiffike zai ga saman tudun da aka saye shi dominsa. Ni zan bi su a baya da ƙafa. Ba a buƙatar rakiya, kuma ana roƙon dillali, in wannan takarda ta kai gare shi, kada ya kuskura ya zo. Masu ta'aziyya su dakata har in fito daga gidan Inna, inda zan durƙusa in ba ta amsar tambayar da ta yi mini sau biyar.