Jitar da Na Sayo a Bakin Iyaka

Da ƙungiyar kiɗanmu ta Bagudo ta tashi sayen jitar lantarki mai araha, ni na ce a bar mini, tunda na taɓa riƙe jita sau biyu. A bakin iyakar Benin mai shago ya fito mini da guda biyu. Ɗaya a juye take. Na yi masa bayani cewa haka kamfani ke ƙera ta da, kafin su fara ha'inci. Ya gyaɗa kai da sauri. Ita na sayo.

Ranar biki a Ka'oje, Sani makaɗinmu ya rungume ta, ya juya, ya sake juyawa.

"Malam, wagga ai ta bahago ta!"

Da kalangu kaɗai aka tashi bikin. Har yau in na shiga majalisa, hannun hagu suke miƙo mini, wai kada in wahala.