Mai Katin Zinariya Ya Sauya Jirgi

Wani ne a unguwarmu, nan garin Caguas. Ya yi rayuwarsa yana sayar da tayoyin mota, da ya ajiye aiki sai ya koma mutumin teku. Ba wai ya iya iyo ba. Abin da ya iya shi ne shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa, duk shekara, na kamfani ɗaya, jirgi ɗaya, ɗaki ɗaya in ya samu. Har kamfanin ya gaji ya ba shi katin zinariya, wanda a wurinsu babu na sama da shi. Ya sa masa igiya ya rataya a wuya. Da shi yake zuwa kasuwa. Ranar jana'izar surukarsa ma yana cikin riga, ana ganin shatinsa.

Ba ya cewa jirgin kamfani. Cewa yake jirginmu. In ka ba shi kofi, ya kurɓa ya ce a jirginmu ya fi ƙamshi. In ana ruwan sama, ya leƙa taga ya ce a jirginmu ba ya sauka a karkace haka.

Matarsa, Doña Migdalia, ta daɗe tana haƙuri. Bana dai ta ce ta gaji da kallon kyaftin ɗaya yana tsufa a gabanta. Ta je ta yanki tikiti a wani kamfanin daban, ta haɗa da ƙaninta Efraín, wani manomin kofi daga tsaunin Utuado wanda furfura ta gama cinye masa kai bai taɓa taka jirgi ba.

Ta ce, "Tsoho, mako ɗaya nake roƙo. In ka ɓata mini shi da jirginmu jirginmu, badi ka tafi jirginku kai kaɗai."

Wannan ta shige shi. Mutum ne da bai san inda safarsa take ba sai an nuna masa, kuma in babu ita wa zai ɗauke shi hoto da kyaftin? Ya yi rantsuwa ba za ta ji kalmar daga bakinsa ba. Washegari ya lallaɓa a ɓoye ya kama musu wuri biyu na badi a tsohon jirgin, don ya tabbata kafin a dawo ita da kanta za ta roƙe shi.

Ranar tafiya suka isa tashar San Juan. Ya bar su a dogon layi ya nufi teburin manya, ya ɗaga katinsa. Matar da ke wurin ta duba gaba, ta duba baya, ta ce kati ne mai kyau amma ba nasu ba ne, ya koma layi. Ya koma yana ce wa Efraín sabuwa ce, ba a gama koya mata aiki ba.

Da layi ya zo kansa aka miƙo masa katin ɗakinsa. Ya duba. Ruwan zinariya ne. Nan take ya dawo hayyacinsa. Ya juya ya ce wa ƙanin matar, "Ka gani ko, mutumin dutse? A teku labari ba ya ɓuya. Sunana ya riga ni shiga."

Efraín ya ciro nasa daga aljihu. Ruwan zinariya. Na Migdalia ma haka. Wata jaririya a gabansu tana tsotsar nata, shi ma na zinariya. Ashe a wannan kamfanin zinariya ta baƙi ce, waɗanda ba su taɓa shiga ba. Manyansu shuɗi suke ratayawa.

Efraín ya ce, "Mijin Yaya, ni kuma wa ya kai musu labarina?"

Mutumin nan ya buɗe baki, "A jir..." Migdalia ta kalle shi. Ya mai da shi tari.

Rana ta biyu da yamma ya shiga wanka tun da sauran haske. A tsohon jirgin wannan ce ranar cin abinci da kyaftin, kowa ya yi shigar alfarma. Migdalia ta ce ita ba ta ji an yi sanarwa ba. Ya ce irin wannan ba a sanarwa, wanda ya sani ya sani. Ya fito da farar kwat, da baƙin wando mai kari, da ɗan baƙin ƙulli a maƙogwaro. Ya jera lambobin tsohon kamfani a ƙirji kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Suka shiga ɗakin cin abinci. Gajeren wando, silifas, riguna masu hoton aku da abarba. Babu mai kwat ko ɗaya a cikin fasinjoji. Masu farar kwat da baƙin ƙulli suna nan da yawa, amma kowannensu da tiren raba abinci a hannunsa.

Shi bai lura da tiren ba. Abin da ya gani shi ne, tun daga bakin ƙofa hannuwa suna ta ɗagowa. Wannan tebur ya yafito shi, wancan ya yafito shi. Ya riƙa ɗan sunkuyar da kai dama da hagu. Wata Ba'amurkiya ta kama hannun rigarsa ta yi masa dogon Turanci, ya dafa ƙirji ya gode. Wani ya miƙo masa faranti, ya karɓa a zaton kyauta ce.

Ya raɗa wa matarsa cewa ga shi nan, girma ba ya buƙatar kati.

Ta ce, "Ƙanƙara take nema. Wancan kuma ya gama ci ne."

Efraín ya riga ya zauna ya ɗaura adiko a wuya. Ya ɗaga yatsa ya ce tunda dai mijin Yaya yana tsaye, a taimaka masa da ayaba soyayya, kuma a gaya wa masu dafuwa shinkafar ta yi laushi.

Kyaftin bai zo ba. Da mai farar kwat ɗinmu ya tambaya, aka ce kyaftin yana tuƙa jirgi.

Akwai abu ɗaya da ya san babu kamfanin da zai iya ƙwace masa. Kun san in jirgi ya tsaya a tsibiri, ana faɗin lokacin dawowa, kuma kullum sai an sami waɗanda giyar rake ko sayen tsaraba ya shagaltar, su taho da gudu a kan dogon dandamalin tasha ana shirin janye tsani. Fasinjoji kuma su cika baranda suna yi musu ihu. To mutumin nan shi ne shugaban masu ihun. Yana da ƙararrawar ƙarfe irin ta makaɗan Kirsimeti, ba ya tafiya sai da ita.

A zangon farko, a Dominika, ya ja Efraín baranda don ya koya masa sana'ar. Ya ce ba a fara kaɗawa sai mutum ya soma gudu. In mai ƙiba ne, a ce ya ɗaga tumbi. In da tsaraba a hannunsa, a ce ya jefar ya ceci ransa. In kuwa jirgi ya riga ya ja baya, sai a kaɗa a hankali, a ce ya gaida mutanen gari. Aka sami wasu mata da miji suka taho suna haki, ya yi musu duka ukun, har da na ƙarshen, ko da yake sun samu shiga. Efraín ya saurara da kyau. Manomi ne, ba a gaya masa abu sau biyu.

Sai aka zo Jamaika. Da safe aka yi sanarwa da Turanci da Sifaniyanci cewa agogon tsibirin yana baya da awa guda, amma jirgin ba ya sauya nasa, kowa ya bi agogon jirgi. Migdalia ta ce ya ji ko? Ya yi murmushin da likita ke yi wa majinyacin da ya zo da shawara. Ya ce jirgi baƙo ne a gari, kuma baƙo agogon masu gida yake bi. Haka ake yi a ko'ina. Bai ce a jirginmu ba, amma duk sun gane. Ya kwance agogonsa ya mai da shi baya a gabansu.

Suna sauka ya daskare. A ɗaya gefen dandamalin, fari fat, da tambarinsa da komai, ga jirginmu. Ya tsaya yana kallonsa kamar wanda ya ci karo da tsohuwar budurwa a bikin wani. Migdalia ta ja hannunsa suka wuce.

Suka ci gasasshiyar kaza mai yaji, suka sayi hula da kwalabe. Da rana ta karkata Migdalia ta ce a koma. Ya nuna mata agogo ya ce da saura. Ta nuna masa nata. Ya ce nata na San Juan ne, ta duba ko'ina ta gani in nan San Juan ne. A lokacin ya riga ya hango wani tebur a mashaya cike da fasinjojin tsohon jirgi, kowa da irin igiyarsa a wuya. Ta ce ita dai ta tafi. Efraín ya tambaya ko ƙararrawar tana cikin akwati ne ko a kan tebur, don kawai ya sani.

Ya zauna cikin mutanensa, ya kwance bakin da ya ɗaure kwana da kwanaki. Ya ba su labarin katin da ake ba jarirai. Ya ba su labarin kyaftin da ba ya cin abinci. Ya ce tawul ɗin ɗaki ma ninke shi kawai suke yi, ko siffar ɗan giwa ba sa naɗa maka da shi kamar a jirginmu. Suka yi ta girgiza kai, suna ƙara masa a kofi.

Can aka ji jirgi ya busa ƙaho. Wata tsohuwa a teburin ta ce ko nasa ne? Ya karkata kunne ya ce a'a, shi ya san muryar jirginsa, wannan ba ita ba ce. Gaskiyarsa kuwa. Ba muryar jirginsa ba ce. Ta wanda kayansa da matarsa suke ciki ce.

Sai da aka busa na biyu wani ya leƙa ya ce ai kuwa wancan ya fara kwance igiyoyi.

Ya tashi. Mutum ne mai jiki, kuma rabonsa da gudu tun ana sayar da taya da tib a ciki. Silifas ɗaya ya tsaya a ƙofar mashaya. Kati biyu na zinariya suna dukansa a fuska. Jakar kwalabe tana kaɗa masa gwiwa. Ya shigo dandamali, ya ɗaga kai, baranda a cike maƙil tun daga ƙasa har sama. Sai ya ji ta. Ƙararrawarsa.

"Ɗaga tumbi, mijin Yaya!"

Jirgi ya ɗauka gaba ɗaya. Har waɗanda ba su jin yaren suna maimaitawa.

"Jefar da tsarabar ka ceci ranka!"

Ya jefar. Bai taimaka ba. Ko da ya isa, tsani ya shige, ruwa ya buɗe tsakaninsa da jirgi. Wani ma'aikacin tasha ya matso ya miƙa masa fasfonsa a cikin ambulan, ya ce daga ciki aka bar masa. Sama kuma ƙararrawa ta koma a hankali, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ya koyar.

"Ka gaida mutanen gari."

Ya hango Migdalia a jingine da ƙarfen baranda. Ya tattara sauran numfashinsa ya kwarma mata cewa ta je ta ce wa kyaftin ya tsaya, a jirginmu da an jira shi. Ta ɗaga hannu ta nuna masa bayansa.

Ya juya. Jirginmu yana nan, tsaninsa a shimfiɗe.

Ya share gumi, ya gyara igiyar wuyansa, ya taka da ƙafa ɗaya babu takalmi har gaban ma'aikaciyar da ke duba masu shiga. Ya miƙa katin, na gaskiyar. Ya ce ya dawo gida. Ta karɓa da fara'a ta duba na'urarta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce lallai sunansa yana nan, wuri biyu ma, shi da maiɗakinsa.

Ya ce, "Yawwa."

Ta ce, "Sai dai ka yi sammako, Yallaɓai. Tafiyarka ta badi ce."

Wayarsa ta yi ƙara. Migdalia ce, ana jin ƙararrawar a bayanta. Ta ce ya nemi jirgin sama ya koma gida, abinci yana cikin firji. Na badi kuma, wanda ya kama a ɓoye yana zaton ba ta sani ba, ya shimfiɗa katinsa a ɗaya gadon ya kwana da shi.

Ya miƙe tsaye sosai, ya kalli jirgin da ke ƙanƙancewa a teku.

Ya ce, "Ki ce wa ƙaninki ya ajiye mini ƙararrawata. Wa ya makara? A jirginmu cewa suka yi sammako na yi."