Ƙafar Alhaji Ta Je Yawunde

"Lafiya lau na kwana, ba don ke ba. Wace irin mata ce sai hantsi ya dubi ludayi take leƙo mijinta?"

"Mijin da haƙoransa huɗu, biyu ma suna girgiɗi? Ka gode Allah da nake zuwa, Tsoho."

Nafisatu ta tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin kakanta, Alhaji Dawuda mai goro, can cikin unguwar Yelwa ta Garwa. Shekararta biyu tana koyon aikin jinya, kuma ƙaramin asibitin da take horo ya ba ta tablet, wato allon nan mai haske da take karatu a ciki, take kuma aika wa manyan likitoci hotunan marasa lafiya. Bakinta na zuba kamar kullum, amma ranar ba kamar kullum ba ce. Yau ne Dokta Berthe, likitar da ke Yawunde, za ta faɗi ko ƙafar Alhaji ta hagu za ta tsira ko yanke ta za a yi.

Da ta ɗaga labule sai ta tsaya turus. Ga tsoho a bakin gado cikin babbar riga ta shadda mai aiki har ciki, hula ta sha kari, ƙamshin turare kamar an fasa kwalba.

"Inna lillahi! Ɗaurin auren wa za ka?"

"Ba kin ce yau likitar za ta gan ni ido da ido ba?"

"Ƙafa za ta gani. Ƙafa, Tsoho!"

"Ƙafar a jikin wa take? Mace za ta leƙo ɗakina tun daga Yawunde, ta same ni da singileti kamar mai dakon buhu? Ki ji tsoron Allah."

"To shi turaren fa? Ta rezon waya zai bi ya same ta?"

"Yadda ƙafata ta bi ta je. Ni da na yi shekara arba'in ina safarar goro ban taɓa kwana a Yawunde ba, ga ƙafata sau shida tana zuwa ba ko kuɗin mota. Kishi kike yi, na gane ki."

"Kishi a kanka? In ta yarda, yau ɗin nan zan naɗe ka a tabarma in kai ka tashar jirgin ƙasa a Ngaundare, kyauta."

Asalin maganar, wata ɗaya da rabi ke nan. Ana tsakiyar zafin Garwa, irin wanda ko kare ba ya fitowa, sai Alhaji ya tsiri sa safa. Kowa a gidan ya ga yana ɗingishi, kowa ya ji wani wari-wari in ya wuce, amma wa zai yi magana? 'Ya'yansa maza in ya ce lafiyarsa lau sai su sunkuyar da kai su ce to, Baba. Surukai kuwa kunya ba ta bari su ko ɗaga ido su dube shi. Haka gida guda na manya masu hankali suka zuba ido, ladabi na neman cinye ƙafar mutum.

Ita Nafisatu a wancan lokacin ta kalli wani darasi a tablet ɗinta kan yadda ciwon suga, irin wanda kakanta ke fama da shi, ke kashe jin ƙafa, mutum ya ji rauni bai sani ba har ya ruɓe. Ta zo ta iske shi kishingiɗe a zaure yana jan carbi, ta ce za ta gwada ko safar ango za ta yi mata, ta fizge. Jika ce, ba mai ce mata don me. Abin da ta gani a ƙarƙashin babban yatsa ya sa ta daina dariyar nan take. Asibiti kuwa ya rantse ba zai taka ba, don amininsa Alhaji Sharif da ƙafa biyu ya shiga, da ɗaya ya fito. Da ƙyar ya yarda a ɗauki hoto. Tun daga ranar kullum sai ta zo ta wanke, ta ɗaure, ta tsare shi ya sha magungunan da likitar ta rubuto, ta hana shi taka kasuwa.

"Miƙo ƙafar, ango."

"A hankali, ɓarauniyar safa. Har yau ba ki dawo mini da ita ba."

"Na binne ta a bakin Binuwai. Kifaye uku sun mutu."

"Ƙarya kike! Ƙafar nan da kike gani, 'yan mata sun yi dambe a kanta a garin Poli."

"Sun yi damben wa zai fara gudu dai."

Tana magana tana warware bandeji. Ta wanke wurin, ta ajiye 'yar takardar awo a gefen ciwon kamar yadda aka koya mata don likita ta ga girmansa, ta ɗauki hoto uku ta tura. Sannan ta danna kira.

"Ke, gyara mini hula. Ta karkace?"

"Kanka ne a karkace tun haihuwa."

"Uban wa kika biyo to? Kan nan naki kamar ƙwaryar da aka zauna a kai."

Allon ya yi haske, fuskar wata mata mai tabarau ta bayyana. Alhaji ya gyara zama, ya buɗe hannun riga, ya ƙaƙalo Faransancinsa na kasuwa.

"Bonjur, Madam Dokta! Sa va? Yara sa va? Maigida sa va?"

Dokta Berthe ta yi dariya ta amsa, ta yaba rigar. Bai gama jin daɗin yabon ba Nafisatu ta juya allon ƙasa, ta saita shi a kan ƙafa.

"Kin gani ko? Ta fara sona kin kawar da ita."

"Yi shiru, Kaka."

Da Kaka ta kira shi, ba Tsoho ba, ba ango ba. Sai ya miƙe ƙafar sosai. Likitar ta sa ta matso da allon, ta sa ta danna gefen ciwon, ta sa ta taɓa bayan ƙafar ta ji ko jini na bugawa. Ta jera hoton farko da na yau tana dubawa. Nafisatu ta saci kallon kakanta, ta ga ya ƙura wa rufi ido, leɓɓansa na motsi. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai yau.

Can likitar ta yi magana mai ɗan tsawo da Faransanci. Baƙin ya ja da baya, jan nama ya taso, ciwon ya ragu fiye da rabi. Ba za a yanke komai ba. A ci gaba da wanki da magani, kuma a yaba wa wadda ta yi aikin. Ta yi sallama, allon ya koma duhu.

"Me ta ce?"

Nafisatu ta ajiye allon a kan gado. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ta ce... ta ce ba ta taɓa ganin ƙafa mai muni irin taka ba."

"Ƙarya! Na ji tre biyen har sau biyu, ai madalla ke nan. Ni za ki yi wa fassarar zalunci?"

"Ta ce munin ya yi yawa, wuƙarsu ba za ta iya ba. Ka riƙe abarka."

"Duka? Har yatsan?"

"Har yatsan, Kaka. Ba za a taɓa ba."

Alhaji ya cire hular da aka sha wahalar karinta ya ajiye a gefe, ya rufe fuska da tafin hannu biyu. Ya daɗe a haka yana alhamdu lillahi a hankali. Da ya ɗago, idonsa ja.

"Turaren nan ne ya shiga mini ido."

"Ni ma shi ne."

"To leƙa ƙarƙashin gado. Akwai tukuicinki."

"Allah ya sa ba goron da ya bushe tun zamanin kakarmu ba ne."

Ta durƙusa ta jawo wani dogon abu naɗe cikin buhu. Ta kwance. Sandar guragu ce sabuwa fil, an goge ta sumul, an naɗe wurin hammata da tsumma mai laushi. Nafisatu ta riƙe ta tana jujjuyawa.

"Dieudonné kafinta na sa ya yi, sati uku ke nan," in ji Alhaji, yana kallon gefe. "Na ce masa ta wani abokina ce. Ya ce to bari ya auna da tsayina, ai tsayinmu ɗaya da abokin. Bai ƙara tambaya ba, ɗan halak."

"Kullum ina zuwa kana zagina, ashe wannan na ƙarƙashinka?"

"To da me zan yi? In yi kuka a gaban mata?"

Ta ja hanci, ta daure ta murguɗa baki. "Angwayen mutane atamfa suke bayarwa. Nawa sanda."

"Kin ci, 'yar nema, na sallama. Allah ya yi miki albarka, ke da allon naki da matar Yawunde." Ya fashe da dariya har haƙoran nan huɗu suka fito, hawaye na bin gemunsa. "Ɗauke ta daga ɗakina. Kai ta asibitinku, a ba wanda Allah bai ba shi jika marar kunya ba."