Rasuwar Madam Gazo, Ciyawar Gidan Elhaji Idirisa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, ni Elhaji Idirisa Maman Lawali, mai sayar da tayoyin mota a unguwar Zariya cikin Maraɗi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan birni, da Tsibiri, da Jiratawa, rasuwar ciyawar tsakar gidana, wadda maƙwabta suka raɗa wa suna Madam Gazo, don gazo Faransawa ke kiran ciyawar ado. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana shirin babbar Salla, bayan doguwar jinya, tana cikin shekararta ta huɗu a duniya.

Marigayiyar baƙuwa ce a ƙasar nan. A Kwatano na fara ganin danginta, shimfiɗe gaban wani otel, lokacin da na je ɗauko kaya a tashar jirgin ruwa. Na duba ba mai kallona, na tuɓe takalmi na taka. Ni da na tashi a Tsibiri ina bin awaki cikin ƙarangiya, ƙafa duk faso, ban san Allah ya halicci ciyawar da ake takawa ba ta rama ba. Na sayo irinta cikin gwangwani. Da na watsa shi kan rairayin Maraɗi, kaji suka tsince rabi, rana ta ƙone saura. Sai na sa aka kwaso baƙar ƙasa daga fadamar Jiratawa, amalanke na bin amalanke, aka cakuɗa da takin shanu, muka sake shukawa da faɗuwar damina. A karo na biyu ta amsa, ta fito kore shar, har masu kabu-kabu kan tsaya bakin ƙofa su leƙa.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da kunya da haƙuri. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, in ban da ɗan "shiiii" da takan yi idan ruwan tiyo ya sauka kanta bayan la'asar. Duk Juma'a nakan aske ta da almakashi, ba ta ko motsi. A shekarun nan da kowa ya shiga yajin aiki, daga mushen lakwal mai koyar da yara har mai sharar gidan likita, ita ba ta yi fashin tsiro ba. Ba ta taɓa yankar katin parti ba. Aibinta guda, in ma aibi ne, shi ne ƙishirwa. Takan sha fiye da mutanen gidan gaba ɗaya, safe da yamma, ba ta kuma ba da ganyen miya balle inuwa. Maiɗakina Hajiya Tsahara takan ce, "Elhaji, ko jaki in ya sha ruwa yana ɗaukar kaya." Nakan yi mata uzuri, don ba kowa ne ya je Kwatano ba.

Ciwon ajali ya soma ne da kakar zaɓe. Abokin kasuwancina Inusa ya fito takarar depite, wato ɗan majalisa, ya zo neman aron tsakar gida don ɗan zama da dattawan unguwa. "Mutum kaɗan ne, Elhaji, shayi kurum za mu sha." Aka zo da kujerun ƙarfe, da makaɗa, da matan parti cikin anko. Aka kafa rumfa, aka buga turaku har cikin cikinta, aka yini ana rawa a bayanta. Inusa ya hau tebur ya nuna ta da yatsa, ya rantse in an zaɓe shi haka Maraɗi duka za ta koma, daga Zariya har bakin Gulbi. Aka rangaɗa guɗa, aka ƙara taka ta. Ya faɗi zaɓen, kuma har ta bar duniya bai zo dubiya ba.

Na yi ta jinya, ina cike ramukan turaku da hannuna, har ta fara farfaɗowa. Sai aka karya darajar sefa, bazara ta shigo da ƙarfinta, pampon gida ya koma zuwa sai ya ga dama. Wata safiya Hajiya ta same ni ina ɗibar ruwan randa da buta ina yayyafa wa marar lafiya, ga tukunyar tuwo bisa murhu tana jira. Da na dawo kasuwa na tarar an shimfiɗa tabarmi, iyalina duka a zaune. Ɗiyata Rahmatu, 'yar makarantar lise da yajin aiki ya zaunar gida, ita ta buɗe zaman.

"Baba, ƙasa ma ta yi babban taro kowa ya faɗi ra'ayinsa. Yau na gidan nan ne. Ruwan randa na mutane ne, ko na ciyawa?"

Na ce tun kakanni ba a jefa ƙuri'a kan maganar maigida. Ta ce tun kakanni ba a shayar da ciyawa a bar tuwo. Aka ɗaga hannu. Na waiwaya, ban ga hannu a ɓangarena ba sai nawa. Taro ya yanke wa marigayiya ruwan alwala da na wanke-wanke. Sabulu bai karɓe ta ba. Ta yi rawaya daga gefe, gara kuma ta shigo mata ta ƙasa, sai tsakiyarta kaɗai ta rage da sauran kore.

Cikin wannan hali yayana Maliki ya iso daga Tsibiri da ragunan da ya shekara yana kiwo don kasuwar Layya. Daminar bara ba ta yi musu kirki ba, harawa ta ƙare, ragunan sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ɗaya ma a amalanke aka kawo shi. Da su yake sa ran cika rumbu kafin shuka. Ya tsaya ya daɗe yana kallon Madam Gazo cikin shingenta na waya.

"Idi, wagga ciyawa mi take jira?"

Na ce, "Yaya, ta kallo ce."

Ya ce, "To. Su ma bari su kalla." Ya ɗaure ragunan jikin shingen, ya tafi masallaci.

Suka zura baki ta cikin waya, ba su kai ba. Na tsaya ina kallonsu suna kallonta. Wannan Yaya shi ya goye ni zuwa gona, shi ya sayar da akuyarsa ya sa ni a mota ranar da na fara zuwa birni neman abin kaina. Kafin ya dawo na kwance ƙofar shingen da hannuna, na juya baya. Muryarta ta ƙarshe da na ji ita ce "ƙurus, ƙurus". Ba ta yi gardama ba. Kafin ta ƙare, ragon amalanke ya miƙe da ƙafafunsa, kuma duka sun kai kasuwa sun samu masu saye, sai guda da Yaya ya bar mini.

Ta rasu ta bar tiyo ɗaya mai faci, da almakashi, da shingen waya wanda Hajiya ta riga ta shanya wanki a kansa. Ta kuma bar wata 'yar riƙo, ciyawar kirikiri, wadda ta biyo ƙasar Jiratawa ba da gayyata ba. Shekara da shekaru ina tuge ta ina zubarwa, ga ta nan gindin randa tana yaɗo, ba mai ba ta ko kurɓi.

Game da jana'iza, ba za a yi wa gawa wanka ba, bisa hukuncin taron gida. Ba za a kai ta maƙabarta ba, domin babu abin ɗauka. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana, kowa ya zo da tabarmarsa, ba a yarda da kujerar ƙarfe ba. 'Yan parti su bar makaɗa a gida. Sadaka kuwa sai washegarin Salla, ranar rabon nama. Ragon da Yaya ya bar mini shi ne wanda ya fi kowa cin marigayiyar, don haka duk wanda aka miƙa wa tsoka ya ci da ladabi, ya yi mata addu'a, don da ita yake ganawa.