Malam Saigobe

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da Talatar da na raka Umma wajen aikinta ba. Muna hutu lokacin, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Azare.

Umma sakatariya ce a wani sashe na jami'a. Aikinta buga takardu, amma ita ke lallaɓa injin kwafi in ya cije takarda, ita ke nuna wa sababbin ɗalibai ofisoshi, in abokiyar aikinta Madam Ngozi ta tafi awo ita ke riƙe mata tebur. Ba wanda ya sa ta. Duk da haka takardar ƙarin girmanta ta shekara a teburin shugaban sashe, har waɗanda suka zo bayanta sun wuce ta.

Kullum a gida sai na ji sunansa. "Yau ma Malam Saigobe bai sa hannu ba," haka Umma ke ce wa Abba tana cire mayafi. Ni na ɗauka sunan garinsu ne. (Tunda akwai Dagauda, akwai Dambam, me zai hana a sami Saigobe?)

Ranar injin ya sake cijewa, hannun Umma duk baƙin tawada. Ta nuna mini wani fayil da haɓa. "Kai wa Malam, ƙofar ƙarshe. Ki durƙusa ki gaishe shi."

Na yi sallama da muryar da ni ma da ƙyar na ji. Su uku ne a ciki, suna ɓarar gyaɗa a kan jarida. Na durƙusa, idona kan takalmansu (ɗaya safarsa ba iri ɗaya ba ce).

"'Yammata, wurin wa aka aiko ki?" in ji mai farin gemu.

"Malam."

"Duk nan malamai ne. Wanne?"

Na tattaro ladabina kaf na ce, "Malam Saigobe."

Ɗaya ya ƙware da gyaɗa. Mai safar nan ya shiga kallon fanka kamar yau aka ɗaura ta.

"Wa ke kirana haka?" Mai gemun ya tambaya a hankali.

Sai a lokacin na gane. Don in rufa wa Umma asiri na ce, "Kowa da kowa."

Ya sa aka kira Umma. Ta shigo tana ɓoye hannu a mayafi, ni kuwa na tabbata na kashe mata ƙarin girma har abada. Ya daɗe yana kallon tawadar da ta ɓata mayafin. Sannan ya tona ƙarƙashin tulin fayil, ya zaro nata, ya sa hannu.

"Hajiya, a gaya wa kowa da kowa, yau na yi."

A Keke Napep, da muka kusa gida, Umma ta juyo ta kalle ni. "Zan yi maganinki," ta ce, tana danne dariya. "Amma sai gobe."

Har yau goben bai yi ba. Ni dai tun ranar in na ji sunan babba a bakin Umma, sai na tambaya tukuna: na yanka ne, ko na bayan ido?