Idon Mikiya da Bangon Baya

"A ajina ko ƙuda bai isa ya leƙi takardar ɗan'uwansa ba."

Malamin kimiyyar makarantarmu ke nan, wanda ya raɗa wa kansa Idon Mikiya, yake cika baki a ɗakin malamai. Shugabar makaranta tana neman wanda za ta ɗora a kan jarrabawar ƙarshen shekara, shi kuwa har ya ɗinka sabuwar kwat saboda muƙamin. A ganinsa sauran malamai tausayi ya lalata su. Malamar lissafi ta ce ita takan zaunar da yaro ta ji abin da ya kai shi satar amsa. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Ni dokata ɗaya ce. Wanda ya sata da wanda ya ba shi, kowa ya zo da babansa."

Ranar wani gwajin kimiyya a ajinsa ya sa yara suka tuɓe takalma da safa aka tara a ƙofa. Ya duba tafin hannu, ya duba bayan kunne, wata yarinya har hankicinta ya shinshina. Sannan ya fito da babbar dabarar: kowa ya juya tebur ya fuskanci bangon baya, shi ya zauna a bayansu, yadda ba mai sanin wa yake kallo. Ya ɗora kujera a kan teburinsa ya haye, ya ƙwama baƙin tabarau. Ajin dama ba haske sosai, sai ya zama ƙeyoyi kawai yake gani, su ma dishi-dishi.

"Ban da kallon hagu, ban da dama. Mai tunani ya kalli bango."

Monita ya ɗaga hannu yana cewa, "Malam, ai bangon..."

"Ka ƙara kalma ɗaya, sifili."

Ka san yaran kirki da biyayya. Suka yi ta kallon bango suna rubutu, har wani sarkin barci da bai taɓa cika rabin shafi ba ya nemi ƙarin takarda.

Da ya yi maki, kowa ya cinye duka. Ya kwashi takardun sai ofishin shugaba, yana tafe kwat tana rangaji, tabarau na nan a fuska, ya ce ta zo ta ga yadda ake tsaro da koyarwa a lokaci guda. Matar ba ta da yawan magana. Ta biyo shi ajin, malamai na biye, ta zauna a kujerar wani yaro tana fuskantar bangon baya, ta ce ya karanto tambaya ta farko.

"Kawo sassan zuciya guda huɗu."

Ta ɗaga kai ta jero su tsaf, alhali ita Larabci ta karanta, ba kimiyya ba. Ta amsa ta biyu, ta amsa ta uku. Sai a lokacin gogan ya cire tabarau. Ga ƙaton zanen jikin mutum a bango, kowace gaɓa da sunanta da jan alƙalami, a ƙasa kuma ga sa hannun mai zanen, ya ja masa layi biyu: Idon Mikiya.

Ya fara kame-kame, wai manne ne ya yi ƙarfi, wai hasken ajin ne. Shugaba ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, ta ce muƙamin na malamar lissafi ne. Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo.

"Malam, yaran za su sake gwajin. Kai kuma da ka ba su amsa, gobe ka zo da babanka."