Rasuwar Jan Babur Mai Babbar Murya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau bai kwanta ba, iyalan Staf Verbruggen na garin Herentals suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk masu hawan babur na ƙarshen mako rasuwar babur ɗinsu na tsere, wanda unguwa ta fi sani da Ja. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da ta gabata, da hantsi, a kan kwaltar filin tsere, a idon jama'a. Ya rasu yana da shekara ashirin da bakwai a duniya, uku na ƙarshe a hannun Staf.

An haifi marigayin a Japan, a zamanin da ake ƙera babur da ƙarfe da zuciya, kafin a fara cusa masa kwamfuta tana gaya wa mahayi abin da ya kamace shi. Ya yi ƙuruciyarsa a hannun mutum huɗu. Kowannensu ya rantse bai taɓa faɗuwa da shi ba, ko da yake gefensa na hagu ya ba da wani labari dabam.

Shi kuwa Staf, ga wanda bai san shi ba, direban bas ne mai ritaya. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana tsayawa a kowace tasha, buɗe ƙofa, rufe ƙofa, jiran danja, jiran tsohuwa ta zauna. Burinsa a duniya guda ɗaya ne tak, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ya tashi daga layin farawa na filin tsere, ya zagaye filin kaf, ya dawo ya taka layin nan, a kan babur nasa na kansa. Ba kofi yake nema ba, ba ya son wuce kowa. Zagaye ɗaya kawai.

Da ya tashi saye, amininsa Ludo, wanda ya daɗe yana zuwa filin a ranakun da ake buɗe shi ga 'yan sha'awa, ya ba shi shawara tsakani da Allah.

"Mutumina, nemi na zamani," in ji Ludo. "Ka danna ya tashi, ka zagaya, ka dawo gida ka ci abincinka da zafi. Waɗannan tsofaffin sai mai bakanike a cikin dangi."

Staf ya je ya ga na zamanin. Da aka tayar masa, ya ce sai ya ji kamar keken ɗinkin surukarsa. Daga nan suka wuce wani ƙauye, gidan wani mai kiwon tattabaru, inda Ja yake kwance cikin rumbu an lulluɓe shi da tsohon labule. Mai gidan ya danna. Marigayin ya yi tari sau biyu, *kuh, kuh*, ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya buɗe baki: *waaaaa!* Babu tattabarar da ta rage a kan rufin. Staf bai duba taya ba, bai taɓa sarƙa ba, bai tambayi abin da ya sa mutum huɗu suka rabu da shi ba. Da kunne ya saya, kuma har gobe bai ce ya yi nadama ba.

Waɗanda suka zauna da marigayin sun shaide shi da halaye na gari. Mai haƙuri ne, don yakan kwanta a gareji tun daga farkon sanyi har fitowar ganye bai ce uffan ba. Mai jan aji ne, bai taɓa amsa kira na farko ba, komai matsayin mai kiran. Ga kyauta: duk inda ya kwana sai ya bar ɗigon baƙin mai, har a dandamalin ƙofar cocin da aka yi auren 'yar Staf. Ranar Lahadi in suka bi hanyar bakin ruwa zuwa shagon kofi, masu kamun kifi kan juyo su bi shi da kallo, wasu da sha'awa, wasu da zagi. In yana tsaye yakan yi *dugu-dugu-dugu* kamar dattijo mai gunguni, in an saki totur kuma ya yi *fat! fat!* sau biyu, har karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin mota.

Muryar nan ita ce adonsa, ita ce kuma ajalinsa. Filin tseren yana nan tun zamanin kakanni, a bayan daji, ba ya damun kowa sai zomaye. Sai wasu bayin Allah suka zo suka gina gidaje masu manyan tagogi a jikin shingensa, suka tare, suka shimfiɗa kujeru a lambu, sannan suka gano wani abin mamaki, wai ashe babur yana ƙara. Tun daga nan ba babur ɗin da zai shiga sai an auna muryarsa a bakin ƙofa. Wannan abu yana ci wa Staf rai, yana ci mana mu ma, kuma ba za mu yi kamar ba ya ci ba don muna cikin makoki.

Mai awon wata mata ce, Madam Godelieve, mai rigar ruwa da na'ura a hannu. Zuwan farko ta kara na'urar a bakin salansa, Staf ya murɗa, ta ja da baya tana dafe kunne.

"Yallaɓai, babur ka kawo mana ko jirgin sama?"

"Haka aka haife shi, madam."

"To a mayar da shi gida haka."

Ranar a bayan shinge Staf ya wuni, yana cin soyayyen dankali a takarda, yana kallon Ludo yana wucewa yana ɗaga masa hannu.

Daga nan aka shiga jinya. An canza salansa, an kwance kabireta an wanke an mayar, an kai shi wajen masana har uku, kowa ya ce wanda ya riga shi ne ya ɓata. Shekara ta biyu ya ci awon ƙofa da ƙyar, ya shiga fili. Ashe akwai wata na'urar a kan sanda a tsakiyar hanya, tana sauraro. Kafin ya kai rabin fili an ɗaga masa baƙar tuta, ma'ana fita. Hanyar fita kuwa, don tsabar mugunta, kafin layin take. Staf ya hango layin da idonsa, ya karya kan babur ya fita. Sauran zuwan ba su cancanci a ambata a takardar ta'aziyya ba: sau ɗaya ruwan sama, sau ɗaya batir, sau ɗaya marigayin ya ƙi tashi ba tare da ya ba da dalili ba.

A bana likita ya duba ƙugun Staf ya ce ya ƙare, sai an sa na ƙarfe, kuma bayan aikin babu sauran duƙawa a kan babur irin wannan. Matarsa Griet tana wurin.

"Ka dai ji da kunnenka," ta ce a mota. "Bayan aikin nan, keke mai batir, kamar sauran tsofaffi."

Saura buɗe fili guda ɗaya kafin a rufe na shekara, wato Asabar ɗin da ta wuce. Ludo ya zo har gida ya ajiye makullin nasa babur a kan tebur.

"Hau nawa mana, tsoho. Zagaye ɗaya ne fa. Cikin hular kwano wa zai gane?"

"Ni zan gane."

"Taurin kan nan naka, ko babur ɗin bai kai ka ba."

Ranar Juma'a da la'asar Staf ya shiga kicin ya kwashe duk soson ƙarfen wanke tukunya da ke gidan. Ya cusa su ɗaya bayan ɗaya a cikin salansar marigayin, yana dannawa da sandar tsintsiya, yana ba shi haƙuri. Griet ta leƙo gareji da tukunya a hannu.

"Staf, ina sosona?"

"Aro na yi. Gobe zan dawo miki da su."

"A haka? Riƙe abinka. Allah ya shirye ku, kai da shi."

Da safe Madam Godelieve ta kara na'ura, ta duba, ta girgiza ta, ta sake karawa.

"Me ka ba shi ya sha?"

"Nasiha na yi masa, madam."

Ta matsa gefe ta ce ya shiga.

Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa ganin abin tausayi irin wannan ba. Ja, wanda ya saba tayar da unguwa, ya tashi daga layin yana *fuu, fuu*, kamar mai mura. Amma yana tafiya. Ya sha kwanar farko, ya sha ta biyu, ya wuce sandar nan mai sauraro ba ta ji komai ba. Staf ya ce ya ji zafi yana taso masa ta gwiwoyi, ya kuma san ma'anarsa, amma ya ƙi duba allurar da ke nuna zafin inji. Ya wuce hanyar fita bai ko kalle ta ba. Da ya fito kwanar ƙarshe ya hango layin a miƙe gabansa, sai zuciya ta ɗebe shi, ya murɗe totur har ƙarshe.

Sosunan Griet suka fito ta baya jajur kamar garwashi, suka watsu cikin ciyawa. Marigayin ya samu bakinsa. Ya yi *waaaaa* ɗin da bai taɓa yin irinsa ba, wanda muke fata an ji shi a kowane lambu na gidajen nan masu manyan tagogi. Sai *ƙwas*. Inji ya buga. Ya gangara a hankali ya tsaya a gefen kwalta, tsakaninsa da layin bai fi tsawon bas biyu ba.

Staf ya sauka da ƙugun nan nasa ya fara turawa. Ma'aikacin fili ya rugo yana kaɗa jar tuta yana ihu ba a tafiya a ƙasa a nan. Motar ɗaukar gawa, wato mai kwashe baburan da suka lalace, ta zo aka ɗora su. Staf ya roƙi direban, da hular kwano a hannu, ya ɗan matsa gaba kaɗan, ga layin can. Direban ya ce doka ta ce ta ƙofar gefe, ya sa ribas. A gareji Ludo ya kwance murfin inji ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya cire hularsa.

Marigayin ya rasu ya bar hular kwano ɗaya, da rigar fata wadda zif ɗinta ya daina kaiwa wuya tun bara, da tayoyi sababbi fil da ba su san daɗin duniya ba, da 'yar tirelar ɗaukarsa da ta fi shi yawan tafiya. Ya bar kwali uku na kayan gyara, ciki har da wasu ƙusoshi da ba a taɓa gano inda suka fito ba. Ya bar Griet, wadda ta yi kuka fiye da yadda ta yi niyya, da Staf, wanda tun ranar yake shiga gareji ya tsaya ya fito bai taɓa komai ba. Iyalan suna roƙon masu zuwa gaisuwa, don girman Allah, kada wanda ya ce ai dama an faɗa masa. Ya sani.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa da rana, a filin tseren. Kamar yadda kowa ya sani, ran Lahadi ba a tayar da inji a wurin, masu keke da masu tafiya a ƙasa kawai ake bari. Ludo ya je ya tambaya, an duba dokar sama da ƙasa, ba a ga inda ta hana shiga da babur marar rai ba. Madam Godelieve ta ce za ta zo da na'urarta ta auna shi a ƙofa, don a yi komai bisa ƙa'ida. Yanzu da ya mutu, ya cika sharaɗi.

Za a sauke shi daidai inda ya tsaya. Staf zai hau, jama'a su tura har ya taka layin. Daga nan mai sayen gwangwan yana jira a ƙofar gefe, sai a wuce gida a sha kofi da burodi da cuku, Griet ta ce kowa ya goge ƙafa. Ba a buƙatar furanni, masu ƙarfin baya ake nema. Staf ya roƙi a tura da gudu gwargwadon hali, domin washegari zai kwanta asibiti, kuma ya ce zai bar gilashin hularsa a buɗe ko ya ɗan ji iska a fuskarsa.